Ƙafar da Ke Tayar da Babur

Ranar da gwiwar Baba ta kasa tayar da babur ɗinsa, mu 'ya'yansa muka yi hamdala a ɓoye. Tsohon masinjan Turawan Sakatariya zai zauna gida ke nan. Muka gargaɗi samarin unguwarmu ta Badarawa kada kowa ya buga masa kik.

Amma kullum da hantsi sai a gan shi a kan babur ya nufi unguwar Doka, babbar riga cike da iska.

Na laɓe bayan ƙyauren zaure don in kama mai laifin. Sai ga Inna ta ɗaure zani tamau, ta dafa kafaɗarsa, ta taka kik sau ɗaya. Babur ya ɗauka, Baba yana dariya.

Ta hango ni, ko a jikinta.

"Matsa masa hanya," in ji ta. "Gwiwarsa ce ta tsufa, ba shi ba."