Warin Fetur a Rijiyoyin Unguwa

Injin tsabtace ruwan ƙasa ya yi watanni yana gurnani, amma ruwan rijiyoyin unguwar bai daina warin fetur ba.

Aikin ba baƙo ba ne a wurin Injiniya. A zura bututu har ƙarƙashin ruwan ƙasa, a hura iska, kumfa ta kwaso man ta taso da shi, wani bututun ya zuƙe tururin. Ta yi shi a garuruwa da dama, ko'ina an ga haske. Sai nan ya ƙi, a unguwar da aka haife ta, inda ruwan ya kwantar da mahaifiyarta har ya kai ta kushewa.

Kowa ya san mai laifi. Tankin gidan man bakin titi ne aka ce ya yi yoyo. Mahaifinta ne ya ja gaba aka yi wa mai gidan man ca, aka rufe wurin, aka tone tankin. Mutumin bai ƙara ɗaga kai a cikin jama'a ba har ya rasu.

To, an cire ƙaya, me ya hana ciwo warkewa?

Kullum da yamma mahaifin yana jiranta a ƙofar gida.

"'Yar Baba, gobe ina za ku haƙa?"

Takan faɗa masa, tausayinsa na cin ta. Shi ne ma ya fara sayen ruwan jarka tun kafin kowa ya ji wari, Mama ta ce ita dai na rijiyarta ta saba da shi.

Da abin ya ishe ta, ta rabu da gidan mai, ta bi abin da awo ya nuna. Kowane ramin gwaji ya fi na bayansa wari: layin teloli, bayan makaranta, sai ga su a lungunsu.

Ran nan Baba bai tambaya ba.

"Ki haƙura haka, kin yi iya yinki. Wanda ya tafi ya tafi."

Washegari ta jira ya fita, ta sa ma'aikata suka fasa tsakar gidan. Diga ba ta yi nisa ba ta daki ƙarfe. Tsohon tanki ne, irin wanda ake binnewa don ɓoye fetur lokacin tsada, tsatsa ta huda cikinsa, dab da rijiyar Mama.

Maƙwabta suka taru suna salati. Ta juyo, ta ga Baba ya dawo yana tsaye a bakin ƙofa. Shi kaɗai bai leƙa ramin ba, don mutum ba ya leƙen abin da ya binne da hannunsa.