Kunnena a Fim ɗin Shari'a

"Wallahi kunnena ne wancan!" Tun muna da haƙora nake faɗa wa abokina Wendell, yana ƙaryata ni. Ni da yaƙi ya kasa kashewa, na fito cikin 'yan kallon kotu a fim ɗin shari'ar masu laifin yaƙi. Tsohon kaset ne ya datse gefen hoton, ya bar min kunne kawai.

Da sabon faifai mai faɗin hoto ya fito, na tara dangi.

"Tsoho, bar mu da kaset ɗinmu," in ji matata Loretta.

"Gaskiyarta," in ji Wendell.

Na kunna. Ga ni ɓaro-ɓaro, kyakkyawa, ina hararar alƙali!

A kujerun bayana a cikin hoton kuwa, ga Loretta, kanta a kafaɗar Wendell.