Ranar da Baba Ya Zama Goggon Biri

Ina shekara bakwai aka kai mu gidan namun daji daga makaranta. A can na ga goggon biri zaune a bayan waya, ya juya mana baya. Washegari da la'asar Baba ya dawo gidanmu na unguwar New Bell daga dajin gabas, inda yake ɗauko katako a babbar motarsa kamiyo, rigarsa tana warin man gazuwal da ɗanyen icce.

Na ce, "Baba, in ka koma daji ka kamo mini jaririn goggo. Zan sa shi a kejin kajinmu, in riƙa ba shi ayaba."

Ya ce, "Uwata, na ga wata ta tsallaka hanya da ɗanta a baya. Zo ki ga yadda suke tafiya."

Ya durƙusa a tsakar gida, na haye bayansa, ya kama rarrafe yana gurnani tsakanin bokitan wanki. Inna ta ajiye muciya, ta lallaɓo wai ita maharbiya ce. Tana taɓa ƙafata Baba ya miƙe yana dukan ƙirji, ta ruga ɗaki tana ihun "Wayyo Allah!" Maƙwabta suka leƙo, ni kuwa na ƙanƙame wuyansa, dariya har da hawaye.

Yana haki ya ce, "To, in sauke ki a kejin kajin?"

Na ce, "A'a!"

"Shi ma haka zai ce."

Yau na girmi Baban wannan ranar, amma ban sake hawa wurin da ya kai bayansa aminci ba.