Inda Allura Ke Maƙalewa

Allurar garmaho na sauka kan sabon faifan, dattijon ya gyara zama ya lumshe ido. Shekara da shekaru yana neman wannan faifan na jaz, domin nasa na dā ya karce a tsakiya. Da mai busa ƙaho ya kai wani wuri, sai ya yi ta maimaita abu ɗaya. Yau ga shi autarsa ta samo masa wani, ko ƙwarzane babu.

"Baba, ka ji yadda yake fita tas? Sai a jefar da wancan."

Kiɗan ya gangaro, ya iso wurin, ya wuce sumul. Sai ya buɗe ido, ya waiga yana kallon ƙofar kicin.

Marigayiya matarsa ba ta taɓa son kiɗan nan ba, cewa take kamar ana faɗa a maƙera. Amma duk sa'ad da allurar ta maƙale, sai ta fito da hannu a jiƙe tana mita: "Wai kai ba ka ji ne?" Ta ture allurar da ɗan yatsa, ta jingina da kujerarsa, ba ta komawa sai kiɗan ya ƙare.

"Bai yi ba ne, Baba?"

"Ya yi, 'yar albarka." Ya goge ido da hannun riga. "Ɗora mini tsohon."

Ta ɗora. Da allurar ta maƙale, ta yunƙura za ta tashi, ya riƙo hannunta.

"Bar shi tukuna."