Digirin Auta

Bahago ya haura bene na biyu yana haki, ransa in ya yi dubu ya ɓaci. Mako uku ke nan Auta ba ta ɗaga wayarsa. Saƙo ɗaya tak ta turo masa: "Baba, don Allah kada ka zo mini ofis." Shi da ya haife ta, yau shi ake yi wa iyaka.

Ba zumunci ne ya kawo shi ba. Wani abokinsa mai manyan shagunan kayan gini yana neman wanda zai riƙe masa sashen tsaro, albashi ninki uku na abin da take karɓa a nan, har da mota. Yau ce ranar ƙarshe. In ba ta amsa ba kafin a tashi aiki, an ba wa wani.

Shekara huɗu ya yi yana biya mata digiri a fannin nazarin laifuka da shari'a, daga ɗan shagonsa na buga takardu. Ya sayar da filin da ya gada. Injin da ya kamata ya sauya tun tuni har yau yana tari kamar tsohon mashayin taba. Kuma me aka samu? Aiki a hukumar bincike, da albashin da ba ya kai ta ashirin ga wata. Mai gyaran waya da ke kusa da shagonsa, wanda ko sakandare bai gama ba, tuni ya yi gini. Duk lokacin da Bahago ya auna wannan sai ya ji zuciyarsa na tafasa.

Ofishin ya ƙara masa haushi. Tebur biyu, kabad mai tsatsa, fankar da ƙararta ta fi iskarta. A lungu wani dattijo mai koɗaɗɗiyar riga yana shan shayi a kofin roba, kallo ɗaya Bahago ya yi masa ya ce a ransa masinja ne. Auta na sunkuye a kan wasu takardu, madubin ƙara girman rubutu a hannunta. Ta rame.

Da ta ɗago ta gan shi, madubin ya kusa suɓuce mata. Ta yi sauri ta rufe fayil ɗin, ta ɗora gwiwar hannu a kai.

"Baba, ina wuni. Mu fita waje."

Wato kunyarsa take ji, saboda tawadar da ke ƙarƙashin farcensa. Nan ya ƙarasa hawa. Ya ja kujera ya zauna daram, ya zayyana mata aikin abokinsa tiryan-tiryan, ya haɗa da filin, da injin, da rigar da ya shekara uku yana maimaitawa.

"Zan zo gida mu yi magana," ta ce, muryarta can ƙasa.

"A nan za a yi ta. Me kika tsinta a wurin nan da ba za ki iya bari ba?"

"Akwai aikin da in na sake shi, wani za a ba. Baba, ka tashi mu je."

Bai tashi ba. Idonsa ya sauka a kan shaidar digirinta da ke rataye a bango cikin gilashi, sai ya yi dariyar takaici. Ya juya wurin dattijon, don mai faɗa yana son shaida.

"Malam, dubi abin da na sayar da fili a kansa. Takarda ce fa. Wallahi rabin awa ta ishe ni in fitar da irinta, har da hatimi."

"Baba."

"Ki bar ni. Ai na yi wa mutane, ba ɗaya ba, ba goma ba. In shafa mata ruwan shayi, in bi ta da dutsen guga, ka rantse ta shekara goma a akwati. Waɗanda na yi wa suna can cikin ofisoshi masu sanyi, suna karɓar ninki biyar na albashinta. Ita kuwa na ce a'a, 'yata ta gaske za ta yi. Ga ta gasken nan, ko fanka mai kyau ba ta saya mata ba."

Ya tsaya yana jiran ta mayar masa da magana, don ya san bakinta tun tana ƙarama. Ta janye hannunta daga kan fayil ɗin a hankali, ta rufe fuskarta. Bahago ya ɗauka maganar ta shige ta, har ya fara laluben wayarsa don ya kira abokin nasa ya ce an gama.

Dattijon ya ajiye kofinsa, ya taso ya mayar da ƙofa. Ya ɗauki fayil ɗin ya buɗe a gaban Bahago, ya baje takardun digiri na jabu masu launin tsufa ɗaya bayan ɗaya.

"Mayar da wayar aljihu, malam. Ni ne shugaban sashen nan. Mako uku ke nan 'yarka, wadda ta fi kowa ido a ma'aikatar nan, tana rantse mini ba ta san hannun da ya buga waɗannan ba."