Wanda Ya Yaye Bargon

Kai da kake rawar jiki za ka shirya wa mutum bikin karramawa ba ka tambaye shi ba, zauna ka ji wannan.

An yi wani saurayi a wani gari, dogo, siriri kamar kara, gwanin gudun tsallake shinge. Wasan nan ne da ake jera katakai a fili, mutum ya taho a guje yana haye su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya rage gudu ba. Sauran yara tuma suke yi kamar awaki, shi kuwa shafar katakon yake yi ya wuce, har ka rantse ƙafarsa ta taɓa. Ya cinye na lardi, ya cinye na ƙasa, garin da ba a san sunansa ba ya shiga bakin rediyo saboda ƙafafun yaron nan. Da yaƙi ya tashi aka nemi masu kaifin ido da zafin nama, ya ba da kansa, aka koya masa tuƙin jirgin yaƙi. Ya daɗe yana tashi yana dawowa lafiya, sai wata safiya wani mai bindigar kakkaɓo jirgi ya same shi daga ƙasa. Ya lallaɓa jirgin ya kifa shi cikin fadama, ya fita da ransa, amma ƙafafun sun karye sun ƙone, sun zama abin da ido ba ya son gani. A keken guragu aka dawo da shi gida, da bargo a kan cinyarsa.

Bargon nan shi ne suturarsa, kuma saboda mutum ɗaya ya riƙe shi: mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, tana masa alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama ta ƙare masa kallo. Kullum da safe sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, ta yi hamdala ta juya. Ya gargaɗi ƙannensa da mai wanke masa ciwo cewa kada kowa ya kwatanta mata. Yana so ta gama kwananta da ƙafafun da ta sani.

To, sai ranar wasannin shekara ta zagayo, aka ce manyan baƙi za su zo. Shugaban masu shirya wasan, wani mai tumbi da bai taɓa gudu ba sai in ruwa ya tsuge, ya aiko da mota, ya ce gari zai karrama ɗansa, har da tsohuwar a taho da ita. Aka sa wa matuƙin kakinsa na soja, samari suka ɗaga shi da keken suka ɗora kan dandamali. Shugaba ya karɓi lasifika ya yi ta zuba, yana cewa “ɗanmu, ɗanmu,” shi da bai taɓa leƙa shi a asibiti ba. Da ya ga baƙi sun fara hamma, sai ya sunkuya ya fizge bargon, ya ɗaga shi sama, ya ce, “Jama'a, ku dubi abin da garinmu ya bayar!” Garinmu wai! Ko farcensa bai bayar ba. Fili ya ɗauki salati, yara na ɗage, mai hoto na ta aikinsa. Bawan Allah ya miƙa hannu, bargo ya fi ƙarfin hannunsa. Yana cikin haka ya ji wata murya daga rumfar mata ta kira sunansa, sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban duniya. Bai waiwaya ba. Ya san mai muryar, ko da yake bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Tun daga ranar, in ta zo gaishe shi da safe, ya ce da sauƙi, sai ta juya, ba ta ƙara iya yin hamdalar nan ba har ta koma ga Allah.

Bayan an yi sulhu da shekaru, wani baƙo mai furfura ya yi sallama a zaurensa. Ya ce a ɗaya ɓangaren ya yi yaƙi, shi ke kan bindiga a bakin fadamar nan, kuma abin ya hana shi sakat, ya zo neman gafara. Matuƙin ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura, suka wuni suna hira. Har tsiya ya yi masa, ya ce, “Malam, saitinka ma bai kai yadda kake zato ba, wutsiya ka samu. Jirgi ka harba, ba ka san fuskata ba. Je ka, na yafe.” Amma shugaban nan, da ya yi ta aiko da ban haƙuri shekara bayan shekara, har ya tako da kansa da rakiyar dattawa, ko tabarma bai samu ba. Mutanen gari suka yi ta tsegumi, wai ya yafe wa wanda ya nakasa shi, ya ƙi wanda ya karrama shi, lallai ciwon ya taɓa masa kai. Kansa ƙalau yake. Su ne ba su san abin da Hausawa suka daɗe da faɗa ba: zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.