Ramin da Ba Ya Tsallakuwa

Ɗayyabu, ka ce ba mai ganin aikin nan naka sai ka gama. To, ja kujera ka ji wani abu da har yau in na tuna sai na riƙe baki.

A zamanin gem na kaset, wanda ake cusawa a na'ura a jona da talabijin, an yi wani gwani da kamfani ya ba shi aikin ƙirƙiro sabon wasa. Wasan na wani ɗan mutum ne mai gudu yana tsallake ramuka, mataki arba'in. Shekara huɗu gwanin nan yana kai, shi kaɗai a ɗaki, da tsohon hannun gem ɗinsa, abin nan mai madannai da ake riƙewa a yi wasan, guda ɗaya tak. Kowane rami da kansa yake aunawa: ya gwada, ya faɗaɗa, ya sake gwadawa, har sai ya zama da ƙyar ake haye shi. Abokin aikinsa da ya tsara kiɗan wasan ya sha roƙonsa ya kawo kaset ɗin su gwada a tasa na'urar. Gogan naka sai ya haɗe rai, wai so ake a ci tuwonsa da miyarsa, a raba suna da shi.

Ranar wa'adi ta zo, manyan kamfanin suka zazzauna, aka ciro sabon hannu dal daga kwali. Mai gwaji ya danna tsalle, ɗan mutum ya afka ramin farko. Ya sake, ya afka. Har sau ashirin. Gwani ya ja tsaki ya fizge hannun, ya ce, "Kawo nan, ba ka iya ba ne." Ya danna. Ya afka! Ya sake dannawa, gumi na tsattsafo masa, ya afka. Aka aika aka ɗauko tsohon hannunsa aka kwance, ashe robar madannin tsallen ce ta cinye, in an danna sau ɗaya sai ta taɓa sau biyu, tsallen ya ninka. Inna lillahi! Duk ramukan nan da lalataccen madanni aka auna su, babu yatsan ɗan Adam da zai haye ko guda. Kuma abin da ya fi ba ni takaici, gyaran bai fi na mako biyu ba. Amma kamfani ya riga ya karkata ga wata sabuwar na'ura, nan take aka soke wasan, ko kaset ɗaya ba a buga ba. Aikin shekara huɗu ya tafi, ya tafi da kiɗan bawan Allahn nan da ba wanda ya taɓa ji.

Yini ɗaya a gidan abokinsa da ya ishe shi. Don haka ka kai aikinka a duba maka tun yau, Ɗayyabu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.